Ka canza hita, tsohuwar wayar tana nan tana leƙe a bango: ga yadda za ka yi da ita

Assalamu alaikum jama'a. Tun da damina ta kankama a Legas tambaya ɗaya ce ke ta dawo min a WhatsApp, daga Agege, daga Mile 12, daga Idi-Araba, har da wani bawan Allah daga Ajah: mun cire tsohuwar hitar wanka mun sa sabuwa, amma wayar tsohuwar tana nan a bangon banɗaki, mu yanke ta ne ko mu naɗe ta da salatif mu tura cikin rami? Wasu ma ba sabuwa suka sa ba, cirewa suka yi gaba ɗaya tun da aka kai kuɗin wutar Band A naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, suka koma dafa ruwa a gas.

Abin da ke jawo matsalar kusan kullum iri ɗaya ne. Mai gyaran famfo ake kira ya canza hita, shi kuma ruwa ya sani, da ya ga bututu ba ya yoyo ya karɓi kuɗinsa ya tafi, wayar kuma ya murɗe ta da baƙin salatif ya ce ai ba ta aiki. Wallahi tana aiki. Hitar ce aka cire, wayar tana nan haɗe da bireka, wato makunnin da ke akwatin raba wutar gida, kuma wuta mai ƙarfin bolt 230 na zaune a bakinta a ɗakin da kake shiga ba takalmi jikinka a jiƙe. An taɓa kirana wani gida a nan wajen Agege saboda famfon wanka na jan yara, da na fasa tayil ɗaya sai ga irin wannan wayar an tura ta rami an lulluɓe da siminti, salatif ɗin ya saki saboda danshi, tagullar tana taɓa jiƙaƙƙen bango. Tun ranar nake jin tsoron wannan abu a gidajen mutane.

Kayan aiki da kuɗinsu

Maltimita mai auna wuta, sukundireba guda biyu masu hannun roba, filaya, abin fere waya, kwanekta irin mai sukuru ko irin na Wago mai ɗan hannu da ake ɗagawa, akwatin roba mai murfi, murfin makafi na 3x3 wanda ba shi da makunni ko soket, salatif ɗin lantarki, maka ta rubutu, da tocila. Ka sa takalmin roba busasshe.

A cikinsu maltimita ce kawai za ta ɗan taɓa aljihunka, sauran ƙananan kaya ne da duk mai shagon kayan wuta na unguwa yake da su, ba sai ka sha go-sulo zuwa Alaba International a Ojo saboda kwanekta uku ba. In kuma aikin ya kai ga sayen sabuwar waya to nan ka buɗe ido, ka nemi ta kamfanonin da aka sani irin su Coleman, Cutix ko Nigerchin, ka tambayi farashi a shago uku kafin ka biya, domin akwai wayar da aka rubuta mata kaurin 2.5 amma in ka fere za ka ga tagullar ba ta kai ba. Kuɗin mai gyaran wuta kuma ku yi ciniki kafin ya buɗe komai, ka gaya masa a fili cewa aikin ya haɗa da cire wayar daga akwatin bireka, don kada daga baya ya ce wannan daban ne.

1. Ka duba da ido tukuna

Kada ka taɓa komai. Haska tocila ka ƙirga wayoyin da suka fito, ka ɗauki hoto. Yawanci uku ne. A tsohon tsari ja ita ce mai wuta, wato layif, baƙa ita ce nutural, kore ko kore da ruwan ɗorawa ita ce wayar ƙasa da masu aiki ke ce wa at. A sabon tsari mai ruwan ƙasa ce layif, shuɗiya ce nutural.

Gargaɗi: launi ba hujja ba ne a Legas. Na sha ganin gidan da mai wayarin ya yi amfani da duk wayar da ta rage masa a buhu, kore tana ɗauke da wuta, ja tana nutural. Ka ɗauka kowacce na iya jan ka har sai maltimita ta ce a'a.

In ka ga robar wayar ta yi baƙi, ta narke, ko tana farfashewa, ko ka ji warin ƙuna a ramin, tsaya nan ka kira mai gyara. In gidan haya kake, ka sanar da mai gida ko kiyateka tun yanzu, musamman gidajen da ɗakuna da yawa ke kan mita ɗaya.

2. Gano birekar tun da wuta

Wannan matakin mutane suna yin sa a juye. Sai su jira NEPA ta ɗauke wuta su ce yauwa yanzu ne lokacin aiki. To ranar da babu wuta ba ranar gwaji ba ce, domin kowace waya a gidan sifili za ta nuna maka, mai rai da matacciya duk ɗaya, kuma ko Ikeja Electric ko Eko ce ke ba ku wuta babu wanda zai buga maka waya kafin a dawo da ita kana riƙe da tagulla.

Saboda haka ka yi wannan lokacin da akwai wuta. Je ka wajen makunnin hitar, shi ne wannan babban mai amp 20 mai ɗan jan fitila da ake sawa a wajen ƙofar banɗaki. Tabbatar babu kowa a banɗakin kuma bakin wayar ba ya taɓa komai, sai ka kunna shi ka ga jan fitilar ta kama. Ka sa wani ya tsaya yana kallonta, kai kuma ka je akwatin bireka ka riƙa sauke su ɗaya bayan ɗaya har ya ce ta mutu. Wannan birekar ita ce taka. Rubuta mata suna da maka. Sannan ka zaga gidan ka ga me kuma ya mutu tare da ita, domin sau da yawa za ka tarar an jona firij ko soket ɗin kicin a layin hita, kuma wannan zai canza yadda za a cire wayar nan gaba.

3. Toshe duk ƙofar da wuta ke shigowa

Gidan Legas ba ƙofa ɗaya wuta ke shigo masa ba. Akwai NEPA, akwai janareta, yanzu ga inbata da sola sun cika gari. Sauke birekar hitar, sauke babbar bireka, ka mayar da canji-oba tsakiya inda ba ya kan NEPA ba ya kan janareta. Kashe inbata daga jikinta, ka sauke birekar da ke fita daga ita zuwa gida. Inbata ita ce ta fi ba ni tsoro domin ba ta ƙara, da ka kashe babbar bireka ita a wajenta an ɗauke wuta ne, sai ta karɓi aiki nan take ba tare da ka ji komai ba. Ka'ida dai ba a ɗora hita a layin inbata, amma ka'ida daban abin da aka yi a bango daban.

Manna salatif a kan birekar ka rubuta ana aiki kada a kunna, ka gaya wa uwargida da yara da mai gadi da baki. In janaretan na gidan gaba ɗaya ne, wanda ke tayar da shi ya sani.

Gargaɗi: fiyus ɗin katawut da ke kusa da mita ba naka ba ne, na kamfanin wuta ne. Na san al'adar zare shi a canza layi in wani fes, wato ɗaya daga layukan wutar kamfani, ya yi ƙasa, dan Allah ka bar shi. Tsakanin fes biyu wuta ta kai bolt 400.

4. Gwaji

Nan ne ran aikin yake, kada ka yi gaggawa. Wannan ƙaramar tesita mai kama da sukundireba da kowa ke da ita a gida ba ta isa ba. In kana tsaye kan busasshen benci ko rana na haska ta, tana iya ƙin nuna haske alhali akwai wuta, wani lokacin kuma ta yi haske a wayar da ba komai. Amfani da ita don a ce waya ta mutu shi ne kuskuren da ya fi yawa.

Ɗauki maltimita, baƙar igiya a ramin COM, ja a ramin da aka rubuta V. Juya ta zuwa V mai alamar igiyar ruwa, wato wutar gida, a kan 600 ko 750. Ka kula sosai kada jar igiyar ta kasance a ramin amp, in ka sa ta haka a waya mai wuta tartsatsi za ta yi a hannunka.

Gwajin hawa uku ne. Kafin ka kashe wutar gidan ka gwada mitar a soket mai aiki ka ga ta nuna 200 da wani abu, ka san lafiyarta ƙalau. Bayan ka kashe komai sai ka zo kan ragowar wayar, ka warware salatif ɗin da filaya mai hannun roba ba da yatsa ba, ka raba bakunan kada su taɓa juna, sannan ka auna layif da nutural, layif da wayar ƙasa, nutural da wayar ƙasa. Duka ukun sifili ake so. Hawa na uku kuma ka sake tabbatar da mitar ba ta mutu a tsakani ba, a soket ɗin maƙwabci ko wani wuri da ka san akwai wuta, domin mita mai mataccen batir ko tsinkakkiyar igiya ita ma shiru za ta yi maka.

Me ya sa har da nutural? Saboda a gidaje da yawa an yi aron nutural, wato fitilar wani ɗaki ko ma ɗakin maƙwabcinka na dawowa ta kan nutural ɗin hitarka. Ka kashe birekarka, shi ya kunna fitilarsa, baƙar wayar da ka raina ta ja ka. In mitar ta nuna wani abu da ba sifili ba, ko da 30 ne ko 50, kada ka ce ai kaɗan ne. Rufe banɗakin ka kira wanda ya iya.

5. Cirewa ko ajiyewa

Yanzu ka zauna ka yi tunani ko za ka sake buƙatar wannan layin. In ba za ka sake sa hita a wurin ba, cire ta gaba ɗaya ya fi, kuma ni shi nake ba kowa shawara. Yawancin gidajen da aka yi wa wayarin cikin bango wayoyin suna cikin bututun roba ne, in an kwance su daga makunni sai a jawo su su fito salin alin. Ka ɗaura igiya mai ƙarfi a bakin kafin a ja, igiyar ta zauna a bututun, ran da aka so zura sabuwar waya an huta. In ta ƙi fitowa kada ka sa ƙarfi, wataƙila akwai wasu wayoyin a bututun da za ka goge wa roba.

In kana so ka ajiye ta don gaba, to sai an kashe ta daga tushe an kuma rufe bakinta, duka biyun, ba ɗaya ba.

Wasu na tambaya ko za su iya mayar da ita soket don cajin waya ko injin wanki. A cikin banɗaki a'a, kwata-kwata. Masu son ɗora sabuwar hita a tsohuwar waya kuma su duba takardar jikin hitar. Mai tanki irin su Ariston mai lita 30 ko 50 yawanci wat 1,500 take ci, wato kusan amp 6 da rabi, wayar 2.5 mai lafiya ta ɗauke ta ba matsala. Amma irin mai dafa ruwa nan take wadda ba ta da tanki, in ta kai wat 5,500 tana jan kusan amp 24, ta fi ƙarfin makunnin amp 20, sai an ja mata waya mai kauri da birekarta daban.

6. Kwance ta daga makunni

Wuta a kashe, ka buɗe makunnin hitar da ke wajen ƙofa. Ka sake aunawa a nan ma kafin ka sa hannu. Za ka ga ɓangare biyu, wanda wuta ke shigowa daga bireka da wanda ke fita zuwa hita, galibi an rubuta a bayansa. Kwance layif da nutural masu fita, ka sa wa kowacce kwanektarta. Wayar ƙasa ka bar ta a haɗe. Da wannan kaɗai wayar da ke cikin banɗaki ta rabu da wuta ko da wani ya zo ya danna makunnin.

Gargaɗi: kashe makunni kawai a tafi ba aiki ba ne. Baƙo zai zo ya ɗauka fitilar banɗaki ce, yaro zai danna don ya ga jan haske. Kuma na ga makunnin da aka jona a juye, yana yanke nutural ya bar layif.

7. Rufe bakin wayar

Koma banɗaki. Yanke bakin da ya yi tsatsa ko kore har ka kai ga tagulla mai sheƙi, ka fere kamar santimita ɗaya. Kowace waya ta shiga kwanektarta ita kaɗai, ka ɗaure sukurun sosai, ka ɗan ja ka ga ba ta zamewa, kuma kada a ga tagulla a waje ko ɗis. Kada ka haɗa layif da nutural a rami ɗaya, kada ka murɗe su tare. Sai ka jera su cikin akwatin 3x3 da ke bangon ka rufe da murfin makafi, ko ka sa akwatin roba mai hana ruwa shiga in wayar a saman bango take. Ka liƙa 'yar takarda a ciki ka rubuta tsohuwar wayar hita, an cire daga makunni, da kwanan wata.

Salatif ƙari ne a kan kwanekta, ba madadinta ba. Zafin Legas da danshinta suna sa gam ɗinsa ya saki cikin 'yan watanni, balle mutanen Lekki da Ajah da iskar teku mai gishiri ke cin ƙarfensu. Kuma duk yadda kake son bangon ya yi kyau kada ka bari mai tayil ya binne wayar da siminti. Wanda zai zo bayanka da injin huda bango don ya kafa madubi bai san tana nan ba. In wurin yana daidai inda ruwan shawa ke fantsama, kada ma a bar akwati a nan, a jawo wayar baya zuwa makunni.

8. Akwatin bireka, wannan na mai gyara ne

Har yanzu wayar da ta taso daga bireka zuwa makunni tana da rai. In ba za a yi amfani da layin ba sai a cire layif daga birekar, a cire nutural daga sandarsa, a rufe bakunansu a rubuta musu suna, sannan makunnin ma a cire shi a sa murfin makafi. Ba na so ka yi wannan da kanka, kuma ba raina ka na yi ba. Ko ka sauke babbar bireka, wayoyin da ke shigo mata daga mita suna nan da wuta, tazarar yatsa ce tsakaninsu da inda sukundirebarka za ta bi. Ga kuma ruɗanin gano wace baƙar waya ce ta hita a cikin goma masu kama ɗaya, in aka yi kuskure aka cire ta wani layin, kayan gida na iya ƙonewa.

Ka nemi wanda ya san aikin. Hukumar NEMSA ce ke ba masu wayarin takardar shaida a ƙasar nan, ba laifi ba ne ka ce oga nuna min taka. Ka tsaya a kansa ka ga ya zo da mita, in tesita kaɗai ya fito da ita daga aljihu ka ba shi kuɗin mota ya koma.

Tunda ya riga ya buɗe akwatin, ka sa ya duba maka abu biyu. Na farko ko wayar ƙasa ta gidan da gaske tana zuwa ƙarfen da aka kafa a ƙasa, domin gidaje da yawa koriyar wayar ado ce kawai, a bayan soket ta ƙare. Na biyu ko akwai birekar nan mai gane yoyon wuta, RCD mai lamba 30mA, a layin sabuwar hitar. Bireka ta yau da kullum waya take karewa daga ƙonewa, sai wuta ta wuce amp ɗinta take faɗuwa, alhali abin da zai tsayar da zuciyar mutum bai kai ko kusa da amp ɗaya ba. RCD ita ce ke faɗuwa in wuta ta fara bi ta jikin mutum ko ta ruwa. In kuɗinka abu ɗaya zai iya saya a duk wannan aikin, ita ka saya, kuma tana da ɗan maɓalli mai harafin T da ake dannawa lokaci-lokaci a ga tana faɗuwa.

9. Mayar da wuta

Kafin ka ɗaga komai, buɗe famfon ruwan zafi ka bar shi har ruwa ya riƙa zuba sosai ba tare da tofar da iska ba, alamar tankin sabuwar hitar ya cika kenan. Kunna ta babu ruwa yana ƙona elemen, wato ƙarfen da ke dafa ruwan, cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma a nan da ruwan tankin sama ke yawan ƙarewa abin yana faruwa sosai. Tabbatar an toshe tsohon bututun da kyau ba ya ɗiga a kan akwatin da ka rufe.

Ɗaga babbar bireka, sannan ƙananan ɗaya bayan ɗaya, inbata a ƙarshe. In wata ta faɗi da ka ɗaga ta, kada ka sake tura ta da ƙarfi ko ka danne ta da tsinke, akwai dalili. Sai a buɗe murfin akwatin a sake auna tsohuwar wayar a wannan karon da wuta a gidan, a kan NEPA, a kan janareta, a kan inbata, kowanne a ga sifili, sannan a ɗaure murfin.

In Allah ya kiyaye wuta ta kama wani ana cikin aiki, kada ka cafke shi da hannu, ku biyu za ta haɗa. Ruga ka sauke babbar bireka, in ta yi nisa ka ture shi da busasshen katako ko kujerar roba, ka kira 112 ko 767. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa lau a kai shi asibiti a duba zuciyarsa.

Bayan kwana biyu ko uku, lokacin da sabuwar hitar ta yi kamar minti 20 tana aiki, ka ɗora bayan hannunka a murfin makunninta. In ya yi zafi ko ka ji wari kamar na ƙonanniyar roba, akwai sukurun da bai ɗauru ba a ciki, kashe birekar ka kira mai gyaran ya dawo ya ɗaure shi.